Littafin aikin juya Didake zuwa Hausa

11 ga Janairu, 2025

Yau muka yi zaman farko. Mu uku ne: ni da nake koyar da Girkanci, da Baba, tsohon fasto da ya ƙare ƙuruciyarsa yana wa'azi a ƙauyuka, sai Malama mai koyar da Hausa a sakandare, wadda kunnenta ne ma'auninmu. Abin da muka ɗauko shi ne juya Didake zuwa Hausa kai tsaye daga Girkanci, ba tare da mun bi ta Turanci ba. Didake tsohon littafi ne na Kiristocin farko, sunansa na nufin koyarwa. Dogon sunansa shi ne Koyarwar Ubangiji ta Bakin Manzanni Goma Sha Biyu ga Al'ummai. Ɗan ƙaramin littafi ne mai sura 16, kalmominsa sun ɗara dubu biyu da kaɗan, a zama ɗaya ake karance shi.

Baba bai taɓa jin sunansa ba, don haka na fara da labarin ɓatansa. Yusibiyus, mai rubuta tarihin ikilisiya a ƙarni na 4, ya ambace shi cikin littattafan da ba a lissafa su da Nassi ba. A shekarar 367 Atanasiyus na Iskandariya ya sa shi cikin waɗanda ake karanta wa masu shirin baftisma, ko da yake ba sa cikin Sabon Alkawari. Daga baya sai sunan kawai ya rage a bakin masana. A 1873 wani malamin cocin Girka, Filotiyos Biriyeniyos, ya ci karo da shi a wani ɗakin karatu a Istanbul, cikin kundin da wani magatakarda mai suna Liyon ya kammala kwafa a 1056. Ya buga shi a 1883. Kundin yana Urushalima yanzu, kuma shi kaɗai ne kwafin Girkanci da ya zo mana kusan cikakke.

Doka ɗaya muka kafa wa kanmu: ba za mu sa wa littafin magana a baki ba, ba kuma za mu cire masa wadda ya faɗa ba. Duk bayani ya sauka ƙasan shafi.

25 ga Janairu, 2025

Sura ta 1 da ta 2 sun samu. Buɗewar ba ta ba mu wahala ba: "Hanyoyi biyu ne, ɗaya ta rai, ɗaya ta mutuwa, kuma akwai babban bambanci tsakanin hanyoyin biyu." Wannan salon koyarwa ya girmi Kiristanci. Akwai irinsa a Wasiƙar Barnaba, wani tsohon rubutun Kiristocin farko, inda hanyoyin suke na haske da duhu, akwai kuma makamancinsa a dokokin jama'ar Yahudawa ta Kumran da aka tono kusa da Tekun Gishiri. Masanin nan Jean-Paul Audet na cikin waɗanda suka fara nuna wannan dangantaka tun farkon shekarun 1950, kuma yawancin masana a yau sun yarda cewa tsohuwar koyarwar Yahudawa ce aka ɗauko aka koya wa al'ummai masu shigowa.

Inda muka daɗe shi ne 1:5 da 1:6. Aya ta 5 ta ce ka ba duk wanda ya roƙe ka. Aya ta 6 kuma ta ce, "Bari sadakarka ta yi gumi a hannunka har sai ka san wanda za ka ba." Baba ya ajiye tabarau ya ce, "Malam, to wanne za mu bi?" Ya so mu ƙara wata 'yar kalma kamar "amma dai" ko "sai dai a kula" don ayoyin su daidaita. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, dokarmu ta ranar farko ce ta hana." Masana da yawa suna ganin cewa sashen nan daga 1:3 zuwa 2:1 an shigar da shi ne daga baya, domin babu shi a Barnaba, babu shi a tsohuwar fassarar Latin ta Hanyoyi Biyu. A ganina jama'a ce da ta fara da buɗe hannu, sannan ta gamu da masu cin amana, ta rubuta darasin kusa da umarnin ba tare da ta goge ko ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa riƙe asusun taimakon gwauraye a ikilisiya ya san ayoyin nan biyu a jikinsa.

Malama ta zaɓi "gumi" a kan "zufa". Ta ce zufa ta zafin rana ce, gumi kuwa yana tuna wa mutum wahalar da aka sha kafin a samu kuɗin.

8 ga Fabrairu, 2025

Sura ta 3 zuwa ta 6. A 3:4 akwai sunaye huɗu na masu harkar asiri, kuma Hausa ba ta rasa ko ɗaya ba: mai duba, mai surkulle, mai lissafin taurari, mai wankan tsafi. Na farkon a Girkanci mai kallon tashin tsuntsaye ne don ya karanta abin da zai faru, mun bar wannan a ƙasan shafi.

Aya ta 6:2 ta zauna mini a rai tun da muka tashi: "In za ka iya ɗaukar karkiyar Ubangiji dukanta, za ka zama cikakke. In kuwa ba za ka iya ba, yi abin da za ka iya." Wasu masana sun ce karkiyar Attaura ce, wasu sun ce koyarwar Yesu ce da ke sura ta 1. Ko wacce ce, muryar malami ce mai sanin ƙarfin almajiransa.

22 ga Fabrairu, 2025

Na san sura ta 7 za ta kawo muhawara, domin Baba daga ikilisiyar da ke nitsarwa ya fito, Malama kuwa daga wadda ke zuba ruwa a ka. Littafin ya ce a yi baftisma cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, a ruwa mai rai. In babu shi, a yi a wani ruwan. In ba za a iya a mai sanyi ba, a yi a mai ɗumi. In duka babu, a zuba ruwa a ka sau uku. Mai yin baftismar da wanda za a yi wa su yi azumi tukuna, shi wanda za a yi wa kwana ɗaya ko biyu.

Kowannensu ya ga nasa. Baba ya ce ga shi nan, rafi aka fara ambata. Malama ta ce ga shi nan, tun zamanin farko an yarda da zubawa. Dukansu sun yi gaskiya, kuma littafin bai shiga gardamarsu ba, domin gardamar ta zo ne bayan ɗaruruwan shekaru. Abin da ya dami marubucin shi ne kada rashin ruwa ya hana mutum shiga. Baba da kansa ya tuna shekarar da rafin wani ƙauye ya ƙafe a bazara, suka jinkirta baftismar mutum tara har damina ta faɗi, tsohuwa ɗaya a cikinsu ba ta kai ba. Ya faɗi wannan, muka yi shiru na ɗan lokaci.

"Ruwa mai rai" salon Ibrananci ne, ana nufin ruwan da ke gudana daga idonsa. In muka bar shi haka, mai karatu zai tafi ga maganar Yesu da Basamariya a bakin rijiya ya ɗauka ma'ana ce ta ruhu. Mun rubuta "ruwa mai gudu".

15 ga Maris, 2025

Wannan ne zama mafi nauyi tun da muka fara, kuma aya ɗaya tak muka yi. Ga abin da 8:1 ta ce: kada azuminku ya zo ɗaya da na munafukai, gama su suna azumi ran Litinin da Alhamis, ku kuwa ku yi ran Laraba da Juma'a.

Da na karanta daftarina da ƙarfi, Malama ta ce, "Malam, wannan ba zai fita daga ɗakin nan haka ba." Ba sai ta yi bayani ba. A ƙasar Hausa kowa ya san masu azumin Litinin da Alhamis: maƙwabtanmu Musulmi ne, suna yinsa a matsayin sunna. Ga shi kuma muna tsakiyar watan Ramadan, mu ma azuminmu na kwana arba'in ya kama tun Larabar Toka, 5 ga wata. Maƙwabcina yana aiko mana da kunu da ƙosai in an sha ruwa. Mutum ɗaya ya isa ya ɗauki hoton wannan layi ya watsa a WhatsApp, ko don ya tsokani wani ko don ya ce an zage shi.

Gaskiyar tarihi a fili take. An rubuta littafin nan shekaru wajen ɗari biyar kafin Hijira, ba shi da wata alaƙa da Musulunci. Azumin Litinin da Alhamis al'ada ce ta masu tsoron Allah a cikin Yahudawa. Bafarisiyen da ke cikin misalin Luka 18:12 ya ce yana azumi sau biyu a mako, kuma littattafan malaman Yahudawa sun san waɗannan ranaku a matsayin na azumin jama'a da karatun Attaura. Masana ba su haɗu a kan su wane ne "munafukan" ba. Wasu sun ce Farisiyawa ne, wasu sun ce Kiristoci ne 'yan asalin Yahudawa da suka ƙi sakin tsohuwar al'ada. Ko ta yaya, rigimar cikin gida ce, ta 'yan uwa da ke ƙoƙarin raba gari, shi ya sa harshen ya yi kaifi. Ban ji daɗin ayar ba, kuma ba na ganin wajibi ne in ji daɗinta. Bambancin da ta kafa na rana ne kawai, alhali Matiyu 6 ya sa bambancin a zuciya.

Baba ya kawo shawarar "masu riya" maimakon "munafukai". Kalma ce mai kyau, kuma ta yi kusa da asalin Girkancin, wanda ke nufin ɗan wasan kwaikwayo mai fuska biyu. Amma Littafi Mai Tsarki na Hausa ya saba da "munafukai" a Matiyu, in muka sauya, mai karatu ba zai ji amsa-kuwwar ba, kuma zai zama mun tausasa abin da bai zo da taushi ba. Mun bar ta.

Mafita ta fito daga Girkancin kansa. Bai ambaci sunan rana ba, ƙirga ya yi irin na Yahudawa: ta biyu ga mako, ta biyar, ta huɗu, da ranar Shiri, wato jajiberin Asabar. Malama ta lura cewa sunayen ranakunmu ma ƙirga ne da muka aro daga Larabci, Litinin biyu, Laraba huɗu, Alhamis biyar. Saboda haka mun rubuta "rana ta biyu da rana ta biyar ta mako". Na tambayi kaina ko ɓoyewa muke yi. Ba na jin haka ne, tun da shi ne ainihin lafazin, kuma a ƙasan shafi za mu faɗi ranakun da sunansu, mu faɗi su wa ake nufi da lokacin da aka rubuta. Za mu ƙara cewa Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, da cocin Habasha har yau suna azumin Laraba da Juma'a. Na ɗauki nauyin kai wannan bayani wurin wani abokina malamin Islamiyya ya karanta kafin mu rufe shi.

29 ga Maris, 2025

Addu'ar Ubangiji, 8:2. Hannuna ya riƙa rubuta wadda na haddace tun ina yaro, sai da na rufe ido na koma ga Girkancin kalma bayan kalma. Ta yi kusa da ta Matiyu ƙwarai, amma "bashinmu" tilo ne a nan, a Matiyu jam'i ne, kuma rufewar ta ce "gama iko da ɗaukaka naka ne har abada", babu "mulki". An ce a yi ta sau uku a rana.

A nan babbar gardamar masana take. Littafin ya ambaci "bishara" sau huɗu. Shin Matiyu yake nufi a rubuce, ko koyarwar baka da ke yawo? Christopher Tuckett yana ganin marubucin ya san Matiyu. Jonathan Draper na Afirka ta Kudu yana ganin dukansu daga jama'a ɗaya ko maƙwabtan juna suka fito. Alan Garrow ya juya maganar gaba ɗaya, ya ce Matiyu ne ya ɗiba daga Didake. Shekarar rubutun ta rataya a kan wannan: Audet da Aaron Milavec sun kai shi tsakanin 50 da 70, Kurt Niederwimmer ya sa shi farkon ƙarni na 2. Ni na fi karkata ga cewa ba a rana ɗaya aka rubuta shi ba. Littafin aiki ne da aka riƙa ƙara masa ɗaki kamar gidan gado, wasu sassansa sun girmi Matiyu, wasu ƙannensa ne. A gabatarwa za mu kawo ra'ayoyin duka, in faɗi nawa a matsayin nawa.

26 ga Afrilu, 2025

Mun yi hutun Ista, yau muka koma kan sura ta 9 da ta 10, addu'o'in godiya a kan abinci. Baba ya karanta sau biyu yana neman "wannan jikina ne", bai samu ba. Babu maganar daren da aka ba da shi, babu gicciye, ƙoƙo ma shi ya riga gurasa. Sura ta 10 ta fara da "bayan kun ƙoshi", wato cin abinci ne na sosai. Tsofaffin masana da yawa sun ce to ai wannan ba Jibin Ubangiji ba ne, liyafar ƙauna ce kawai. Na yanzu da yawa sun ce shi ne, sai dai ikilisiyoyin farko ba su yi shi da tsari ɗaya ba. Littafin da kansa ya kira shi da kalmar da ta zama sunan Jibin a Girkanci, ya kuma hana wanda ba a yi wa baftisma ba ya ci. Mun fassara ta da "godiya", wadda ita ce ma'anarta.

Kalma ɗaya ta cinye mana awa biyu. Addu'ar ta kira Dawuda da Yesu da kalma guda, wadda a Girkanci take nufin ɗa, take kuma nufin mai hidima. Abin mamaki, Hausa tana da irinta: yaro. Yaron mutum ɗansa ne, yaron mutum kuma mai yi masa aiki ne. Malama ta yi murna da wannan dacewa, amma Baba ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗiyata, ba za a tsaya gaban jama'a a ce Yesu yaronka ba." Gaskiyarsa ce, kalmar ba ta da nauyin da addu'a ke bukata. "Ɗa" ba zai zauna wa Dawuda daidai ba, zai kuma shigo da ma'anar da ba lalle marubucin ya nufa a nan ba. Mun tsaya a kan "bawanka", kamar Bawan Ubangiji na littafin Ishaya da addu'ar da ke Ayyukan Manzanni sura ta 4.

Aya ta 9:4 kuwa kamar da Hausa aka yi ta: "Kamar yadda gutsuren nan ya kasance a warwatse bisa tuddai, aka tattara shi ya zama ɗaya, haka a tattaro ikilisiyarka daga iyakar duniya zuwa cikin mulkinka." Manomi ya san tafiyar ƙwayar hatsi daga gona zuwa masussuka zuwa turmi. Tuddan nan suna cikin dalilan da suka sa masana da yawa suke cewa a Siriya aka rubuta littafin, wataƙila wajen Antakiya, tun da noman Masar a kwarin Nilu yake. Masu cewa Masar suna kafa hujja da cewa can aka samu gutsattsarin kwafinsa, amma busasshen yashin Masar ne ke adana takarda, ko daga ina ta zo.

10 ga Mayu, 2025

Ba mu zauna ba, Baba yana fama da zazzaɓi. Na yi amfani da ranar na gwada daftarinmu da Girkanci, na tarar na tsallake rabin 10:3, inda aka ce Allah ya ba mutane ci da sha don su ji daɗi. Na mayar. Fassarar Kibɗanci ta ƙarni na 5 tana da ƙarin addu'a bayan sura ta 10, a kan man ƙanshi ko turare, wadda babu ita a kundin Liyon. Za ta tafi rataye a ƙarshen littafi.

24 ga Mayu, 2025

Baba ya samu sauƙi, mun gode Allah. Sura ta 11 zuwa ta 13, kan manzanni da annabawa masu yawo gari gari.

Bahaushe ya ce baƙonka annabinka, Didake ma ya ce a karɓi manzo kamar Ubangiji. Amma ya sa iyaka: kwana ɗaya, in da bukata biyu, in ya kai uku annabin ƙarya ne. In zai tafi, guzurin gurasa kawai zai ɗauka har ya kai masauki na gaba. In ya roƙi kuɗi, annabin ƙarya ne. Wanda ya ce cikin Ruhu a shirya abinci, kada ya ci daga ciki. Wanda ya ce cikin Ruhu "ku ba ni kuɗi", kada a saurare shi, sai fa in don mabukata ya roƙa. Ma'aunin duka yana 11:8: ba kowane mai magana cikin Ruhu ne annabi ba, sai wanda yake da halin Ubangiji.

Baba ya ce a buga wannan sura ita kaɗai a raba a ƙofar kowace majami'a. Na fahimce shi, domin ya ga talakawa sun sayar da akuya don ambulan ɗin "shuka iri". Amma na roƙe shi mu karanta har sura ta 13, inda littafin nan dai ya ce annabin gaskiya da ya zauna a cikinku ya cancanci abincinsa, a ba shi nunan fari na masussuka da matsewar inabi da shanu da tumaki, in babu annabi a ba matalauta. Ya kuma hana a gwada annabi yayin da yake magana cikin Ruhu. Jama'ar nan ba ta ƙi annabci ba, tana girmama shi har tana tsoron saɓa masa, shi ya sa take tsare shi daga macuta. Wanda ya raba sura ta 11 ba tare da ta 13 ba ya sa littafin ya shiga faɗan da ba nasa ba.

A 12:5 akwai kalma mai haɗa Almasihu da ɗan kasuwa, ga baƙon da ya ƙi yin sana'a ya zauna yana ci da sunan bangaskiya. Malama ta ce ai muna da ita, "mai ci da addini". Ta zauna a kunne, sai dai ta yar da sunan Almasihu, wanda shi ne zafin kalmar. Mun rubuta "mai fatauci da sunan Almasihu".

14 ga Yuni, 2025

Daftarin farko ya kammala. A 15:1 an ce jama'a su zaɓar wa kansu masu kula da masu hidima, mutane masu tawali'u marasa son kuɗi, kada kuma a rena su kusa da annabawa. Mun guji "bishop" da "dikin" a cikin nassin, domin za su kawo wa mai karatu hoton muƙaman yau. Sura ta 16 ta yanke a tsakiyar magana, daidai inda duniya za ta ga Ubangiji yana zuwa bisa gizagizai, Liyon ma ya bar fili a ƙasan shafin. Akwai masu ƙoƙarin maido da ƙarshen daga littattafan baya da suka kwafe shi. Mu mun bar filin.

Ranar Lahadin da ta wuce mun karanta sura ta 1 zuwa ta 6 ga zumuntar mata a wani ƙauye, yawancinsu ba sa karatu. Sun tsayar da mu a wuri goma sha ɗaya. "Karkiya" ba ta ba su matsala ba, suna ganinta a wuyan shanun huɗa. "Cikakke" kuwa ba su ji shi ba, wata ta ce sai dai a ce "kammalalle", za mu duba. Wata tsohuwa ta nemi a maimaita mata 4:8 sau uku, inda aka ce ka raba komai da ɗan'uwanka, kada ka ce naka ne.

Abokina malamin Islamiyya ya dawo da bayanin 8:1. Ya ce a ɗauko shekarun rubutun a sa su a layin farko, kada mai karatu ya kai tsakiya kafin ya gan su. Mun yi haka. Saura karatun sura ta 7 zuwa ta 16 ga jama'a, da gabatarwa, da neman wani masanin Girkanci da bai ga aikin ba ya bi shi aya aya. Zama na gaba 28 ga Yuni, in Baba ya gama noman farko.